Tambaya Ɗaya a Fom ɗin Ƙidaya: Yadda Birane da 'Yan Rajin Kare Haƙƙi Suka Maka Gwamnatin Amurka a Kotu

A shekarar 2018 gwamnatin Amurka ta yanke shawarar ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin ƙidayar jama'a ta 2020: shin wannan mutumin ɗan ƙasar Amurka ne? Layi ɗaya ne tak, amma rigimar da ya haifar ba ta tsaya ba sai a Kotun Ƙoli. Ga tambayoyin da duk wanda ya ji labarin zai so a amsa masa.

Me ya faru tun daga farko?

Ranar 26 ga Maris 2018, Wilbur Ross, sakataren kasuwanci a gwamnatin Donald Trump ta farko, wato minista a tsarin da muka saba da shi, ya fitar da takardar umarni cewa a saka tambayar zama ɗan ƙasa a fom ɗin da za a aika wa kowane gida. Hukumar Ƙidaya a ƙarƙashin ma'aikatarsa take. Dalilin da ya bayar shi ne wai Ma'aikatar Shari'a ce ta roƙa, a wata wasiƙa mai kwanan wata 12 ga Disamba 2017, don ta samu alƙaluman da za ta yi aiki da su wajen aiwatar da Dokar 'Yancin Kaɗa Ƙuri'a ta 1965. Wannan ita ce dokar da aka kafa don hana danne ƙuri'ar baƙaƙen fata da sauran tsiraru. Ma'ana, gwamnati ta ce don amfanin tsirarun ne za ta yi tambayar. Su kuwa tsirarun, su ne suka fara cewa ba su yarda ba.

Su wane ne suka shigar da ƙara?

Ƙararrakin suna da yawa, a kotunan tarayya uku aka tattara su. Jihar Kalifoniya ce ta fara, nan take bayan sanarwar. A watan Afrilu birnin San Jose na jihar Kalifoniya, mai mutane kusan miliyan ɗaya waɗanda kaso mai tsoka daga cikinsu a wata ƙasa aka haife su, ya haɗa kai da ƙungiyar Black Alliance for Just Immigration suka shigar da tasu. Wannan ƙungiya an kafa ta a 2006, kuma tana kare muradun baƙaƙen fata baƙi, 'yan Afirka da 'yan yankin Karibiyan. Lauyoyin da suka tsaya musu har da na wata tsohuwar ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a, wadda aka kafa tun 1963.

A Niyok kuma jihar ce ta jagoranci gamayyar da ta kai jihohi 18, da birnin tarayya, da birane irin su Niyok da Chicago da Philadelphia da Seattle, da ƙungiyar magadan gari ta ƙasa. Daga baya ƙungiyar ACLU mai kare 'yancin jama'a ta shigar da wata ƙarar a madadin ƙungiyoyin baƙi, ciki har da wata ta Larabawan Amurka, aka haɗe ta da ta jihohin. Ta ukun a Maryland aka yi ta.

To mene ne laifin tambayar? Ai kowace ƙasa tana da ikon sanin adadin 'yan ƙasarta.

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ba tambayar banza ba ce. Masu ƙarar ba su ce haramun ne gwamnati ta san adadin 'yan ƙasa ba. Gwamnatin ma ta riga ta sani, ta wata hanyar. Abin da suka ce shi ne wannan tambayar, a wannan fom ɗin, a wannan lokacin, za ta sa miliyoyin mutane su ƙi cika fom ɗin gaba ɗaya.

A yi tunanin gida ɗaya a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Najeriya. Maigidan ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Matarsa tana da katin izinin zama na dindindin. 'Ya'yansu uku a can aka haife su, saboda haka 'yan ƙasa ne. A ɗakin baya kuma akwai ƙanen matar, wanda bizarsa ta ƙare bai koma gida ba. Fom ɗaya ake aiko wa gidan, mutum ɗaya ke cikawa a madadin kowa, da suna da shekaru da komai. Idan maigidan ya iso layin da ke tambayar matsayin kowane mutum, zaɓi uku ke gabansa: ya rubuta gaskiya ya kwana da fargabar ya tona asirin surukinsa, ko ya tsallake sunan surukin, ko ya jefa fom ɗin cikin kwandon shara. Da yawa na ukun za su zaɓa. In ya yi haka, mutum shida ne suka ɓace daga lissafi, huɗu daga cikinsu 'yan ƙasa.

Nan ne gizo ke saƙar. Tambayar ba ta ce a bayyana ko mutum yana da takarda ko ba shi da ita ba, amma wanda ke cikin tsoro ba ya tsayawa yin wannan bambancin. Sannan a tuna da yanayin da ake ciki: a Janairun 2017 aka fara hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, a Satumbar shekarar aka saka Chadi cikin jerin na ɗan lokaci, jami'an shige da fice kuma suna ta kame. A irin wannan yanayi ne aka ce mutum ya rubuta wa gwamnatin tarayya suna da adireshin duk wanda ba ɗan ƙasa ba da ke kwana a gidansa.

Me ya shafi birni? Me San Jose ko Niyok za su rasa?

Kuɗi da kujeru. Majalisar Wakilan Amurka tana da kujeru 435, kuma bayan kowace ƙidaya ake sake raba su tsakanin jihohi gwargwadon yawan jama'a. Yawan kujerun jiha shi ke ƙayyade yawan wakilanta a cikin masu zaɓen shugaban ƙasa. Da alƙaluman ne kuma ake shata iyakokin mazaɓu, daga na tarayya har na kansila.

Ta fuskar kuɗi, wani bincike da aka yi a Jami'ar George Washington ya nuna cewa a shekarar kasafin 2017 sama da dala tiriliyan 1.5 aka raba ta shirye-shirye 316 da suka dogara da alƙaluman ƙidaya: kula da lafiyar marasa ƙarfi, tallafin abinci, gyaran hanyoyi, tallafin makarantun unguwannin talakawa. Birnin da aka rage masa mutum dubu hamsin a lissafi, mutanen nan ba su tafi ko'ina ba. 'Ya'yansu za su je makaranta, marasa lafiyarsu za su je asibiti, motocinsu za su bi titi. Kason birnin ne zai ragu, kuma haka zai zauna shekara goma. Ɗan ƙasar da kakan kakansa a nan aka haife shi ma zai ɗanɗana, tun da aji ɗaya ɗansa ke zama da ɗan baƙon.

Wai tsarin mulkin Amurka ya ce a ƙidaya har da baƙi?

E. Tun ƙidayar farko ta 1790 tsarin mulki ya wajabta a ƙirga mutane duk bayan shekara goma. A lokacin akwai wani abin kunya a ciki: bawa ba a lissafa shi cikakken mutum ba, uku bisa biyar ake ɗaukarsa wajen rabon kujeru. Bayan yaƙin basasa, gyara na 14 da aka yi a 1868 ya share wannan, ya ce a yi rabon bisa jimillar mutanen da ke kowace jiha. Kalmar mutane aka yi amfani da ita, ba 'yan ƙasa ko masu ƙuri'a ba. Shi ya sa ake ƙirga jariri da fursuna da ɗalibin da ya zo karatu daga Kano da wanda ya shigo ba takarda. Wanda ya san tarihin uku bisa biyar zai fahimci dalilin da ya sa ƙungiyar baƙaƙen fata ta ɗauki wannan magana da zafi.

An taɓa yin tambayar a baya?

An taɓa, kuma gwamnati ta jingina da wannan sosai. Tun 1820 ake yin wani nau'inta jefi-jefi. Amma rabon da a yi wa kowane gida ita tun 1950. Daga 1970 zuwa 2000 a dogon fom take, wanda wani kaso na gidaje kaɗai ke samu, gida ɗaya cikin shida a 2000. Daga 2005 aka mayar da ita cikin wani bincike na shekara-shekara da ake aika wa adireshi kusan miliyan 3.5. A lura da shekarun: dokar ƙuri'ar da aka fake da ita a 1965 aka yi ta. Sama da shekara hamsin ke nan ana aiwatar da ita ba tare da an taɓa yi wa kowane gida tambayar ba.

Ba doka ta hana Hukumar Ƙidaya bai wa jami'an shige da fice bayanan mutum ba?

Ta hana, kuma dokar tana da tsauri. Ma'aikacin da ya fallasa bayanan wani zai iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 250,000 ko duka biyun, kuma ba a buɗe takardun ga jama'a sai bayan shekara 72. Ni a ganina ma'aikatan hukumar na yau suna riƙe da wannan amana da gaske.

Sai dai mutane suna da tarihin da suke tunawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu majalisa ta sassauta wannan kariya a 1942, hukumar kuma ta taimaka da bayanan unguwannin da Amurkawa 'yan asalin Japan ke zaune, aka kwashe mutum kusan 120,000 zuwa sansanonin tsarewa, mafi yawansu 'yan ƙasa. A 2004 kuma ta bayyana cewa hukumar ta haɗa wa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida jadawalin yankunan da Larabawan Amurka suka fi yawa. Babu sunan kowa a ciki, ba a kuma karya doka ba, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Dokar da majalisa ta taɓa sassautawa, mutum yana da hujjar tunanin za ta iya sakewa.

Ƙwararrun hukumar fa, me suka ce?

Sun ce kada a yi. A Janairun 2018 babban masanin kimiyyar hukumar, John Abowd, ya rubuta cewa tambayar za ta ci kuɗi, za ta lalata ingancin ƙidayar, kuma amsar da za a samu ba za ta kai ingancin bayanan da gwamnati ke da su a hannu ba. Ya ba da shawarar a haɗa bayanan ƙidaya da na hukumar fansho da na haraji, a fitar da adadin 'yan ƙasa ba tare da an tambayi kowa ba. Binciken hukumar ya nuna cewa waɗanda takardu suka tabbatar ba 'yan ƙasa ba ne, kusan kashi 30 cikin ɗari nasu kan amsa cewa 'yan ƙasa ne idan aka tambaye su. Ke nan ko don neman gaskiya, tambayar ba ita ce hanya ba.

Hukumar ta kiyasta cewa amsa fom zai ragu da aƙalla kashi 5.8 cikin ɗari a gidajen da ke da wanda ba ɗan ƙasa ba, abin da ya shafi mutum kusan miliyan 6.5. Daga baya ma ta ɗaga kiyasin zuwa kashi 8. Gidan da bai amsa ba, ma'aikaci zai je ya ƙwanƙwasa ƙofa, in bai samu kowa ba ya tambayi maƙwabta, in abin ya faskara a yi ƙiyasi. Kowane mataki yana ƙara kuskure. Tsofaffin shugabannin hukumar su shida, waɗanda suka yi aiki da gwamnatocin jam'iyyun biyu, su ma sun rubuta wa Ross suna gargaɗi. Bai saurara ba.

Ta yaya aka gano cewa dalilin da gwamnati ta bayar ba shi ne na gaskiya ba?

Wannan ne zuciyar shari'ar. A Maris 2018 Ross ya shaida wa kwamitin majalisa, a ƙarƙashin rantsuwa, cewa Ma'aikatar Shari'a ce ta fara kawo buƙatar. Da aka shiga kotu, alƙali ya tilasta wa ma'aikatar ta miƙa takardu da saƙonnin imel, sai ga wani labari daban.

Ross ya kama aiki a Fabrairun 2017. Ba da jimawa ba ya tattauna batun da Steve Bannon, mai ba shugaban ƙasa shawara, da kuma Kris Kobach na jihar Kansas, wanda ya yi suna wajen tsananta wa baƙi. Ranar 2 ga Mayu 2017 Ross ya aika wa mataimakinsa Earl Comstock imel yana ƙorafin cewa ya rasa dalilin da ya sa ba a yi komai ba kan buƙatar da ya yi watanni da gabatarwa ta saka tambayar. Wata bakwai ke nan kafin wasiƙar da ya ce ita ce mafarin zance. Comstock ya amsa masa cewa sai sun samu Ma'aikatar Shari'a ta nemi hakan. Ya tuntuɓi Ma'aikatar Shari'ar, ba su nuna sha'awa ba. Aka tura shi Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, su ma suka mayar da shi inda ya fito. Sai da Ross da kansa ya yi magana da ministan shari'a Jeff Sessions a watan Satumba, sannan aka samu wasiƙar. Wani babban jami'i mai suna John Gore ne ya tsara ta.

Akwai abin da ya fi ba ni takaici a cikin takardun. Da ƙwararrun hukumar suka nemi zama da Ma'aikatar Shari'a don su nuna musu hanyar da ta fi inganci ta samun alƙaluman da suka ce suna so, ma'aikatar ta ƙi zaman. Mai neman abu da gaske ba ya ƙin sauraron wanda ya zo ya ba shi wanda ya fi shi kyau. A Yunin 2018, bayan an shiga kotu, Ross ya fitar da ƙarin takarda yana amsa cewa tun jim kaɗan da kama aikinsa ya fara tunanin tambayar, kuma ma'aikatarsa ce ta tuntuɓi Ma'aikatar Shari'a.

Wace doka ce ta ba kotu ikon soke shawarar minista?

Wata dokar 1946 ce da ta tsara yadda hukumomin tarayya za su yanke shawara. Ta ce kotu za ta iya rushe duk matakin da hukuma ta ɗauka da ka, ba bisa hujja ba. Hukuma tana da ikon zaɓar abin da take so, ko da ƙwararrunta ba su so, amma dole ta duba hujjoji kuma ta faɗi ainihin dalilinta yadda kotu da jama'a za su iya auna shi. Masu ƙarar sun kuma kafa hujja da tsarin mulki ta fuska biyu: cewa tambayar za ta hana a yi cikakkiyar ƙidaya, da cewa an yi ta da niyyar nuna wariya.

Me kotunan farko suka yanke?

Alƙalai uku, duka suka ba gwamnati rashin gaskiya. Jesse Furman na Niyok ya fara, ranar 15 ga Janairu 2019, da hukunci mai shafi 277 bayan sauraron shaidu a Nuwamba. Ya ce Ross ya karya dokar 1946 ta hanyoyi da dama, amma bai samu isasshiyar shaidar niyyar wariya ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne Kotun Ƙoli ta hana a yi wa Ross tambayoyi a ƙarƙashin rantsuwa. Ranar 6 ga Maris Richard Seeborg, wanda ya saurari ƙarar Kalifoniya da ta San Jose, ya wuce nan, ya ce tambayar ta saɓa wa tsarin mulki ma. George Hazel na Maryland ya bi sahunsa a Afrilu.

Mene ne labarin faya-fayan wani mamaci da aka ce sun tona asiri?

Thomas Hofeller ƙwararre ne wajen shata mazaɓu don amfanin jam'iyyar Republican. Ya mutu a Agustan 2018. 'Yarsa ta tsinci na'urorin ajiyar bayanansa, ta miƙa wa lauyoyin da ke wata shari'ar daban a North Carolina. A ciki aka samu wani nazari da ya yi a 2015, inda ya nuna cewa idan aka shata mazaɓu da adadin 'yan ƙasa da suka isa zaɓe kaɗai, ba da jimillar jama'a ba, to 'yan Republican da fararen fata waɗanda ba 'yan asalin Latin Amurka ba ne za su ci riba. Ya ƙara da cewa hakan ba zai yiwu ba sai an saka tambayar zama ɗan ƙasa a ƙidaya. An kuma samu wani sakin layi a cikin kwamfutarsa da ya yi daidai da wanda ke cikin wani daftarin wasiƙar Ma'aikatar Shari'a.

An bayyana wannan a ƙarshen Mayun 2019, bayan Kotun Ƙoli ta gama sauraron ƙarar. Gwamnati ta musanta cewa yana da hannu a wasiƙar, Kotun Ƙoli kuma ba ta kafa hukuncinta a kansa ba. Amma duk wanda ya karanta ya ce biri ya yi kama da mutum.

Me Kotun Ƙoli ta ce?

Gwamnati ta ce dole a fara buga fom kafin 1 ga Yuli 2019, saboda haka aka tsallake kotun ɗaukaka ƙara. An saurari lauyoyi ranar 23 ga Afrilu, aka yanke hukunci ranar 27 ga Yuni, alƙalin alƙalai John Roberts ne ya rubuta.

Hukuncin kashi-kashi ne. Duka alƙalan tara sun yarda masu ƙarar suna da hurumin shigar da ita, tun da wasu jihohin za su yi asarar kuɗi. Roberts da alƙalai huɗu masu ra'ayin mazan jiya suka ce tsarin mulki bai hana tambayar ba, kuma sakatare yana da ikon fifita nasa ra'ayin a kan na ƙwararru. Daga nan Roberts ya koma ɓangaren sauran huɗun, Ginsburg da Breyer da Sotomayor da Kagan, suka ce dalilin da aka gabatar na dokar ƙuri'a ga dukkan alamu ƙaga shi aka yi. Ya ce bai zama dole alƙali ya nuna rashin wayon da ko mutumin kan titi ba zai nuna ba, kuma in kotu za ta riƙa karɓar ƙagaggun dalilai, binciken da take yi wa hukumomi ya zama al'ada kawai marar amfani. Biyar da huɗu aka tashi a kan wannan.

Ya kamata a fahimci ƙanƙantar nasarar. Kotun ba ta haramta tambayar ba. Da Ross ya kawo wani dalili na gaskiya wanda doka ta yarda da shi, da wataƙila yau wani labarin muke bayarwa.

Gwamnati ta haƙura?

Ba nan take ba. Ranar 2 ga Yuli lauyoyinta suka ce an fara buga fom ba tambayar. Washegari Trump ya ƙaryata a Twitter, lauyoyin nasa suka rasa abin da za su faɗa wa alƙalai. Aka yi yunƙurin canza tawagar lauyoyin, Furman ya ƙi amincewa. Ranar 11 ga Yuli Trump ya janye, ya ba da umarnin a tattara bayanan zama ɗan ƙasa daga takardun hukumomi, wato shawarar da Abowd ya bayar shekara ɗaya da rabi kafin nan. Kwana shida bayan haka Majalisar Wakilai ta samu Ross da ministan shari'a William Barr da laifin raina majalisa kan ƙin miƙa takardu.

A Yulin 2020 Trump ya sake fitowa ta wata ƙofar, ya ce a cire baƙi marasa takarda daga lissafin rabon kujeru. San Jose da ƙungiyar baƙaƙen fatar nan suka sake komawa kotu, haka Niyok. Kotunan ƙasa suka ce umarnin ya saɓa wa doka, amma a Disamba Kotun Ƙoli ta ce lokacin yanke hukunci bai yi ba. Birnin da ƙungiyar suna kuma cikin waɗanda suka ƙalubalanci gaggauta rufe ƙidayar a tsakiyar annobar korona, wadda a ƙarshe aka rufe ranar 15 ga Oktoba. Joe Biden ya soke umarnin biyun, na tattara bayanan zama ɗan ƙasa da na cire marasa takarda, a ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu 2021.

Tun da ba a saka tambayar ba, an ƙidaya kowa ke nan?

A'a. An samu jimillar mutum 331,449,281, amma binciken da hukumar ta yi wa kanta daga baya ya nuna an tsallake kashi 4.99 cikin ɗari na 'yan asalin Latin Amurka, alhali a 2010 kashi 1.54 ne. Baƙaƙen fata an tsallake kashi 3.3, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a yankunan da aka keɓe musu kashi 5.64, fararen fata kuwa an ƙirga su fiye da yawansu. Korona ta taka rawa, gaggawar rufewa ta taka rawa. Ni dai ina ganin shekara biyun da aka kwashe ana maganar tambayar a rediyo da talabijin sun bar tabo, don ba kowa ne ya ji labarin an cire ta ba. Birnin Niyok sai da ya ware dala miliyan 40 don wayar da kai, ana bin unguwa-unguwa da wuraren ibada ana shaida wa mutane cewa tambayar ba ta cikin fom.

Ga abin da ke nuna nauyin mutum ɗaya. Da aka fitar da rabon kujeru a Afrilun 2021, jihar Niyok ta rasa kujera ɗaya, kuma da an ƙirga ƙarin mutum 89 da ba ta rasa ba. Mutum 89 a jihar da ke da sama da miliyan 20. Irin gidan Bronx da muka kwatanta, guda goma sha biyar sun isa. Kalifoniya ma ta rasa kujera, karo na farko a tarihinta.

Wannan ya yi kama da rigimar ƙidaya a Najeriya?

Ta wani gefen, sosai. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda ƙidaya ke zama faɗan rabon kujeru da kason kuɗi. An soke ta 1962, ta 1963 gwamnatin Yankin Gabas ta kai ta kotu, ta 1973 Murtala ya soke ta da ya hau mulki a 1975. Kafin ta 2006 an yi ta ja-in-ja kan ko a saka tambayar addini da ƙabila, ɓangare ɗaya na barazanar ƙauracewa in an saka, ɗayan in an cire, a ƙarshe gwamnatin Obasanjo ta cire su. Da sakamako ya ba Kano miliyan 9.4, Legas kuma miliyan 9 da ɗoriya, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa.

Bambancin shi ne a Najeriya zargin da aka fi yi na aringizo ne, kowa na ƙoƙarin ƙara nasa. A Amurka fargabar ita ce a tsorata wasu su ɓuya don a rage nasu. Wani bambancin kuma, a can alƙali ya iya tilasta wa ma'aikata ta fito da imel ɗin ministanta, aka karanta a bainar jama'a. Ba don wannan ba, da dalilin da aka ƙaga ya wuce salin-alin.

Maganar ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. A Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta amince, da ƙaramin rinjaye, da ƙudirin da zai wajabta tambayar kuma ya cire waɗanda ba 'yan ƙasa ba daga rabon kujeru, amma bai wuce Majalisar Dattawa ba. Da Trump ya dawo mulki ranar 20 ga Janairu 2025 ya soke umarnin Biden, a watan Agusta kuma ya ce ya umarci Ma'aikatar Kasuwanci ta fara shirin ƙidayar da ba za ta haɗa da marasa takarda ba. Hukuncin 2019 ya bar ƙofa a buɗe ga duk gwamnatin da ta tsara dalilinta da kyau tun daga farko, kuma Ginsburg da Breyer, biyu daga cikin biyar ɗin da suka tare tambayar, ba sa kotun yanzu. Doka ta ce a miƙa wa majalisa batutuwan da ƙidaya za ta ƙunsa shekara uku kafin ranarta, ainihin tambayoyin kuma shekara biyu. Ga ƙidayar 2030, farkon 2027 da farkon 2028 ke nan.